IGWAR RASHA A KAN TEBUR: WASAN DA KE KOYAR DA TARIHI

A kudancin Kogin Kaduna, a yankin Kakuri, akwai wurare biyu da kusan kowane mazaunin wannan ɓangare na gari ya san su ko da bai taɓa shiga cikinsu ba. Na farko shi ne Barikin Kalapanzin, inda sojan igwa, waɗanda aka fi sani da 'yan atilare, suka daɗe da zama. Na biyu kuwa shi ne Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, watau DICON, wanda aka kafa da doka cikin 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina masa ma'aikatarsa. Dubban ma'aikata da 'yan makaranta suna wucewa ta gaban waɗannan wurare safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya bambanta wannan igwa da waccan, balle su faɗi ƙasar da ta ƙera ta, ko rawar da ta taka a tarihin ƙasar nan.

A ƙasashen Turai da Amurka da Rasha kuwa akwai wasu mutane, galibinsu manya masu iyali, da malaman makaranta da ma'aikatan ofis da tsofaffin soja, waɗanda suka mai da sanin igwa abin shaƙatawarsu. Sukan sayi 'yan ƙananan bindigogin igwa na roba ko na ƙarfe, waɗanda ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, su zauna su yi musu fenti daidai da launin da na gaskiya suke da shi a zamaninsu, sa'an nan su jera su a kan tebur su sake buga yaƙe-yaƙen da aka yi shekaru aru-aru da suka wuce, bisa ƙa'idodi rubutattu. Daga cikin makaman da suka fi sha'awa har da igwar Rasha, wadda ita ma tana da nata shafi a tarihin yaƙin basasar Nijeriya.

Wanda ya ga dattijo da furfura ya duƙufa a kan 'yar igwa da burushi zai ɗauka yarinta ce ta dawo masa. To, amma Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Asalin wannan wasa a makarantar hafsoshi yake, kuma duk wanda ya shige shi da gaske tilas ne ya zama ɗalibin tarihi.

ASALIN WASAN

A ƙasar Furushiya, wadda ita ce ta jagoranci haɗa kan Jamus daga baya, aka fara shi. Cikin 1812 wani mutum mai suna Reisswitz ya kai wa Sarkin ƙasar wani tebur da ya tsara, mai ɗauke da siffar tuddai da koguna da ƙauyuka, wanda ake matsar da 'yan gutsattsarin da ke wakiltar rundunoni a kansa. Ɗansa, wanda shi kansa hafsan igwa ne, ya gyara wasan ya mai da shi kan taswira ta gaskiya, ya sa wa ɓangare ɗaya ja ɗaya kuma shuɗi, ya kawo alƙali wanda zai yanke hukunci, ya kuma shigo da ƙwayar da ake jefawa irin ta ludo, domin a yaƙi ba kullum ne abin da aka shirya yake faruwa ba. Cikin 1824 ya nuna wasan a gaban Janar Muffling, Babban Hafsan Hafsoshin ƙasar, wanda ya yaba da shi ƙwarai, ya kuma shawarci rundunonin ƙasar su riƙa horad da hafsoshinsu da shi. Da Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga binciken asirinta, suka kwaikwayi wannan wasa tare da sauran dabarunta. Teburin yashin da ake koyar da hafsoshi dabarun yaƙi a kansa a makarantun soja na duniya ɗan uwan wancan tebur ne.

A ɗaya gefen kuma, tun cikin ƙarni na 18 maƙeran birnin Nuremberg na Jamus suke zuba 'yan sojan kuza, irin ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. Cikin 1893 wani kamfani a London mai suna Britains ya gano dabarar zuba 'yan sojan dalma masu rami a ciki, abin da ya rage yawan ƙarfen da ake ci, ya kuma sauko da kuɗinsu har talaka ya iya saya wa ɗansa. Shahararren marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, shi ne ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, watau wasan hafsoshi da 'yan sojan yara, a wani ɗan littafi na ƙa'idodi da ya buga cikin 1913 mai suna Little Wars. A wasansa da 'yar igwa mai sifirin ake harba ɗan tsinken katako, duk sojan da ya faɗi ya mutu ke nan. A yau an daina harbi. Da tef ake auna nisa, a jefa ƙwaya, a duba jadawali, a san ko harsashi ya samu ko ya kuskure.

DALILIN DA YA SA AKE SON IGWAR RASHA

Ba wata ƙasa da ta dogara da igwa a tarihinta kamar Rasha. A cikin fadar Kremlin da ke Mosko har yanzu akwai wata ƙatuwar igwar tagulla da wani maƙeri mai suna Andrei Chokhov ya zuba cikin 1586, wadda nauyinta ya kusa tan 40, faɗin bakinta kuwa milimita 890. Cikin 1700, a yaƙin Narva, sojan Suwidin suka fatattaki Rashawa suka kwashe kusan dukkan igwarsu. Sarki Peter na Ɗaya bai tsaya makoki ba, ya ba da umurni a sauko da wani kaso na ƙararrawar majami'un ƙasar a narke a zuba sabuwar igwa. Bayan shekara 9, a Poltava, Rashawa suka fito da igwa wajen 100, su kuwa 'yan Suwidin da guda 4 kacal suka kai hari. Ranar nan aka karya lagon Suwidin, Rasha ta shiga sahun manyan ƙasashen Turai.

Cikin 1757, a ƙarƙashin shugabancin wani basarake mai suna Shuvalov, Rashawa suka fito da wata igwa tasu ta kansu wadda suka kira Yedinorog. Sunan wata dabbar tatsuniya ce mai siffar doki da ƙaho ɗaya a goshi, wadda ita ce tambarin gidan Shuvalov, har akan zuba siffarta a jikin bututun. Abin da ya sa wannan igwa ta yi fice shi ne tana harba dunƙulen ƙarfe kai tsaye, tana kuma iya cilla harsashi mai fashewa ya bi ta saman kawunan sojanta ya faɗa kan abokan gaba. An yi ta aiki da ita har wajen shekara 100.

Cikin 1805 aka sake wa sojan igwa tsari a ƙarƙashin Janar Arakcheyev, aka rage yawan ire-iren bindigogin, aka rage musu nauyi. Kowane kamfani ya zama yana da igwa 12. Kamfani mai nauyi yana da guda 8 masu harba dunƙulen laba 12, da Yedinorog manya guda 4. Kamfani marar nauyi kuwa yana da guda 8 masu harba laba 6, da Yedinorog ƙanana guda 4. Kamfanin Faransa na sojan ƙasa a wannan zamani igwa 8 yake da ita. Wannan lissafi shi ne abu na farko da mai fenti zai sani kafin ya sayi komai, gama wanda ya jera igwa 8 ya ce kamfanin Rasha ne na 1812, tun kafin a fara wasa ya faɗi jarrabawa.

YADDA AKE FENTIN

Ana ƙera waɗannan 'yan kayan bisa ma'auni tsayayye. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na ɗaya bisa 72, watau mutum mai tsawon ƙafa 6 ya koma inci 1, igwarsa da dokinsa da akwatin harsashinsa duka a rage su daidai da haka. Akwai kuma na milimita 15 da na milimita 28, gwargwadon tsayin ɗan sojan. Kamfanin Airfix na Ingila da kamfanin Zvezda na Rasha suna cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera na roba.

Aiki yakan fara ne da wanki. Ana wanke kayan da ruwan ɗumi da sabulu domin a fitar da maiƙon da ya maƙale musu tun daga wurin zubi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Daga nan sai a sa reza a kankare ɗan layin da ke fitowa a inda ɓangarori biyu na abin zubin suka haɗu. Gwanaye ba sa gaggawar manne komai wuri ɗaya. Bututu dabam, keken da ke ɗauke da shi dabam, ƙafafun keken dabam, domin in an riga an haɗa, burushi ba zai kai tsakanin sandunan ƙafa ba. Sai a yi shimfiɗa da fenti baƙi ko ruwan toka ko fari, siriri ƙwarai, a bar shi ya bushe sarai.

A nan ne ilimin tarihi yake shigowa. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon kowace ƙasa da launin keken igwarta. Na Ingila ruwan toka ne, na Ostiriya rawaya mai duhu, na Furushiya shuɗi, na Faransa kore mai duhu da ya karkata wajen ruwan ƙasa. Na Rasha kuwa tsanwa ne mai haske kamar sabon ganye a farkon damina, dukkan ƙarafan da ke jikin katakon kuma baƙaƙe, da ɗaurin ƙafa da ƙusoshi da zobba. Bututun tagulla ne, kuma soja kan goge shi har ya yi ƙyalli, saboda haka wanda ya shafa masa baƙi ya yi kuskure. Su ma masu harbin da nasu kaya: riga kore mai duhu, wuyanta da bakin hannunta baƙi, da siririn jan layi a gefe. Amma wanda yake son ya nuna sojan Shuvalov na wajen 1757, jar riga zai sa musu, don sai a zamanin Sarki Paul, a ƙarshen wancan ƙarni, sojan igwar Rasha suka koma kore. Tazarar shekara 50 ke nan a cikin ɗigon fenti guda.

Bayan an sa launukan asali, akwai dabaru biyu da ke raba gwani da ɗan koyo. Ta farko ita ce a tsarma fenti mai duhu da ruwa har ya zama kamar ruwan shayi, a shafe jikin duka da shi. Ruwan zai gangara ya taru a lunguna da tsagogin katako, in ya bushe sai ya zama inuwa, kowace ƙusa ta fito. Ta biyu kuwa ita ce a tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya zama kamar ba komai a jikinsa, sa'an nan a riƙa shafa shi sama-sama a kan gefuna. Ɗan abin da ya rage a gashin burushin zai kama wuraren da suka ɗago kaɗai, sai su yi kamar hasken rana ya sauka a kansu. Daga ƙarshe a shafa man da ke kare fenti daga kankarewa, a dasa igwar da mutanenta a kan ɗan allo, a zuba gam da yashi, a yi masa launin ƙasa ko na ciyawa ko na ƙanƙara, gwargwadon wurin da aka yi yaƙin da lokacin da aka yi shi.

Wanda zai yi wannan aiki a Kaduna sai ya yi la'akari da yanayin garin. Da hunturu fentin da ake tsarmawa da ruwa yakan bushe a kan burushi kafin a kai shi inda za a sa, maganin haka shi ne a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a faranti, a ɗora takarda mai santsi a kansa, a riƙa dama fentin a nan. Ƙura kuma ba ta barin ɗanyen fenti, tilas a kife kwano ko kwali a kan aikin kafin ya bushe. Da damina kuwa raɓar da ke cikin iska takan sa man da ake fesawa a ƙarshe ya yi fari-fari kamar hazo, gara a jira ranar da gari ya washe. Wanda kuma yake ƙyamar siffanta abu mai rai yana iya tsayawa a kan igwa da kekenta da akwatin harsashi, ya wakilci mutane da 'yan gutsattsarin katako masu launi kamar yadda hafsoshin Furushiya suka yi tun farko.

BORODINO A KAN TEBUR

Yaƙin da masu sha'awar igwar Rasha suka fi maimaitawa shi ne na Borodino, wanda aka gwabza ran 7 ga watan Satumba, 1812, a kan hanyar Mosko. Napoliyon ya zo da igwa kusan 600, Rashawa a ƙarƙashin Janar Kutuzov suna da fiye da 600. A yini ɗaya mutanen da aka kashe ko aka raunata daga ɓangarorin biyu sun kai wajen 70,000, kuma igwa ce ta yi mafi yawan wannan ɓarna.

Abin mamaki shi ne Rashawa sun fi yawan bindigogi amma Faransawa sun fi su zuba wuta a inda ake bukata. Ɗaya daga cikin dalilan da masana tarihi suke bayarwa shi ne mutuwar Janar Kutaisov, shugaban sojan igwar Rasha, saurayi wanda bai cika shekara 30 ba. Da ya ga Faransawa sun kame wani tudu mai ganuwa a tsakiyar fagen, sai ya bar aikinsa na rarraba igwa ya shiga cikin sojan ƙasa don a ƙwato tudun, a can aka kashe shi, ba a ko ga gawarsa ba. Daga nan aka rasa mai ba da umurni, igwa mai yawa da aka ajiye a baya don ko-ta-kwana ba a yi aiki da ita yadda ya kamata ba.

Ɗalibi yana iya karanta wannan labari a littafi ya haddace shi ya manta. Amma in aka ɗora shi a gaban tebur, ga kamfanoninsa a jere a baya, ga abokan gaba suna matsowa, alƙalin wasa kuma ya ce masa janar ɗinsa ya mutu, ba shi da ikon motsa ko da igwa ɗaya sai ƙwaya ta ba shi, ranar zai gane abin da ake nufi da shugabanci, da kuma haɗarin da ke cikin shugaba ya bar kujerarsa ya tafi yin aikin na ƙasa da shi. Darasi ne da ma'aikacin gwamnati ma yake da bukatarsa. Gani ya kori ji. Napoliyon dai ya shiga Mosko, amma bai fita Rasha da igwarsa ba, fiye da 800 daga cikin waɗanda ya bari suna jere a harabar Kremlin.

Masu sha'awar Yaƙin Duniya na Biyu kuwa nasu launin bai da yawa, amma lissafinsu ya fi wuya. Tun daga 1938 kusan dukkan makaman Tarayyar Sobiyat kore guda ake shafa musu, wanda ake kira 4BO, da sanyi kuma soja su bi shi da farar ƙasa wadda ruwa ke wankewa, don haka gwanin fenti yakan bar koren yana leƙowa a wuraren da hannu ke yawan taɓawa. Igwar ZiS-3 mai bakin milimita 76, wadda aka fara aiki da ita cikin 1942, an ƙera fiye da 100,000 irinta. Motar roka da aka laƙaba wa suna Katyusha ta fara ɓarin wuta ne a Orsha ran 14 ga watan Yuli, 1941. Ta farkon yaƙi a kan motar Rasha take, daga baya aka koma ɗora mafi yawansu a kan motocin Studebaker da Amurka ta aiko. Wanda ya sa Studebaker a fagen 1941 ya nuna bai san lokacin da taimakon Amurka ya fara isowa ba.

RANAR DA IGWAR RASHA TA ZO NIJERIYA

Igwa ba baƙuwa ba ce a tarihin Arewa. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya tsaya a gaban ganuwar Kano da igwa 4 masu bakin milimita 75, harsashinsu ya kasa fasa kaurin ganuwar, sai da suka juya kan ƙofa kafin su sami hanyar shiga. Sunan Barikin Kalapanzin kansa daga wani kwari ne a ƙasar Bama, inda Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda 'yan Arewa da yawa suke cikinta, ta kutsa a ƙarshen 1944. A dazuzzukan can, inda mota ba ta shiga, kwance igwa ake yi gunduwa-gunduwa, mutane su ɗauka a ka.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ran 6 ga watan Yuli, 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya wajen Mosko, Cif Anthony Enahoro ya je can, kuma cikin watan Agusta na wannan shekara jiragen MiG suka sauka a filin jirgin saman Kano. Amma makamin Sobiyat da marubuta tarihin yaƙin suka fi dangantawa da ƙarewarsa shi ne igwa mai bakin milimita 122, wadda ta iso a ƙarshen 1969. Ta fi igwar milimita 105 da sojan Tarayya suke da ita nisan zango, ta kuma ba Runduna ta 3 a ƙarƙashin Kanar Olusegun Obasanjo ƙarfin da ta kai farmakin ƙarshe da shi. Owerri ta faɗi a farkon watan Janairu, 1970, filin jirgin Uli, wanda shi ne ƙofar Biyafara ta ƙarshe zuwa duniya, ya shiga cikin zangon harbi, Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa, ran 15 ga watan Janairu kuma Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas. Zumuncin da aka ƙulla a lokacin ne ya kai Janar Gowon Mosko cikin 1974, ya kuma share fagen kwangilar ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979.

Ga ɗalibin da ke son ya ƙera siffar wannan igwa akwai aikin bincike mai daɗi. Rashawa suna da bindigogi fiye da ɗaya masu bakin milimita 122, kuma siffarsu ta bambanta. M-30 ta 1938 gajeren bututu gare ta da ƙafafun baya biyu, zangonta kusan kilomita 12. D-74 doguwa ce, tana kai wajen kilomita 24. D-30 kuwa ba ta ɓoyuwa: ƙafafu uku take shimfiɗawa a ƙasa, a ɗage tayoyinta sama, ta juya ta kowace fuska ba tare da an matsar da ita ba, ta baki kuma mota take janta, zangonta ya ɗan wuce kilomita 15. Tilas ɗalibi ya nemo hoton lokacin, ya ƙirga ƙafafu, ya duba tsawon bututu, ya tambayi tsofaffin 'yan atilaren da suka rage. Kafin ya gama 'yar igwa ɗaya ya koyi abin da masu tarihi suke kira tantance hujja.

ABIN DA YA RAGE GA KADUNA

Kamfanonin ƙasashen waje sun ƙera sojan Napoliyon da na Rasha iri-iri har ba su ƙirguwa, amma mai neman dawakin lifidin Sakkwato, ko ganuwar Kano ta 1903, ko fagen Burmi, ko masu dakon igwa na Bama, zai sha wuya kafin ya cika tebur. Ga shi kuwa gwanintar hannu ba ta yi ƙaranci a ƙasar nan ba. Yaron da ya ƙera motar kara ko ta gwangwani, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juyawa, ya riga ya san ma'auni ko da bai san sunansa ba. Maƙeran farin da ke zuba zobe da munduwa da kayan doki sun san narka ƙarfe da zuba shi. A Kakuri da Makera da Nasarawa kuma akwai masu gyaran inji da masu haɗa rini da masu zanen atamfa da suka rasa aiki tun da masaƙar KTL ta rufe cikin 2002, UNTL kuma ta bi bayanta a 2007. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan hannu da littafi.

Bukatar kuwa a fili take. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajen 2009, sai cikin 2022 aka yi bikin maido da shi, watau an yaye samari da 'yan mata masu yawa waɗanda ba a taɓa tsayawa an koya musu yadda aka yi yaƙin basasa ba. Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa cikin 1985, a Umuahia yake, ba kowace makaranta ce za ta iya kai ɗalibanta can ba. Amma tebur ɗaya, da buhun yashi, da kwali da kara da gam da gwangwanin fenti biyar ko shida, ba su fi ƙarfin kulob ɗin tarihi na kowace sakandare a Barnawa ko Sabon Tasha ba. Hukumomin soja da na ilimi da gidajen tarihi na garin nan suna iya taimakawa da hotuna da taswira da malaman da za su yi alƙalanci.

Akwai masu cewa bai dace a mai da yaƙi wasa ba, musamman a garin da ya ɗanɗana tashin hankali ya san zafinsa. Maganarsu abin dubawa ce. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 1 ko fiye ne suka halaka a yaƙin basasa, galibinsu mata da yara da yunwa ta kashe, kuma babu fentin da zai nuna wannan. Sai dai H. G. Wells kansa mai ƙin yaƙi ne, hujjarsa kuwa ita ce duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi a ƙasan ɗakinsa sau uku ko huɗu zai gane irin shirme da asarar da ke cikin babba. Shekara ɗaya bayan fitowar littafinsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Yaron da ya kwana bakwai yana fentin mutum shida da igwarsu, sa'an nan ya ga jifa ɗaya ta ƙwaya ta share su daga kan tebur, an kwashe an zuba a kwali, ya fi kusa da fahimtar abin da igwa take yi wa mutane bisa ga wanda ya san ta a fim kaɗai. Waiwaye adon tafiya ne, kuma gara matasan Kaduna su waiwayi yaƙi a kan tebur da su sake ganinsa a kan titi.